Darasi na 14: Wankin Ɗakin Duhu da Bugun Kwamfuta

Kafin a shiga wannan darasi, kowane ɗalibi ya binciki adakar gidansu, ko ƙarƙashin katifa, ko tsakanin shafukan wani tsohon littafi, ya zo aji da hoton da ya fi kowanne daɗewa. Da wuya a rasa. A gidajen Tempane da Garu da Bawku akwai hoton kakan da ya yi soja ya je Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, yana tsaye ƙyam cikin kaki. Akwai na wanda ya tafi ƙodago gonakin koko ko ramin zinariya na Obuasi, ya aiko da hotonsa don a san yana nan da rai. Akwai na amarya da ƙawayenta, akwai ɗan hoton fasfo na alhajin da ya fara sauke farali a dangi. Yawancinsu baƙi da fari ne, ba su fi tafin hannu ba, kuma da hannu aka wanke su a ɗakin duhu.

Yanzu jikoki kan ɗauki irin waɗannan hotuna da waya, su kai shagon kwamfuta a buga musu babba, a sa a firam, ko a buga a kalanda ranar addu'ar mamaci. Hoto ɗaya ya zama biyu ke nan, tsoho da sabo. Za mu jera su gefe da gefe mu ga abin da kowanne ya riƙe da abin da ya zubar, domin mu san wanda ya kamata a rataye a bango da wanda ya kamata a killace.

Yadda ake wanki a ɗakin duhu

Har gobe muna cewa "zan kai hoto a wanke mini," ko da firinta ce za ta fito da shi a bushe. Kalmar gado ce daga zamanin da hoto ba ya bayyana sai ya sha ruwa.

Fim siririyar leda ce da aka shafe da wani abu mai kama da ƙaro, a cikinsa akwai ƙwayoyin sinadarin azurfa ƙanana ƙwarai, waɗanda haske ke canzawa da zarar ya taɓa su. In mai hoto ya danna kyamara, haske ya shiga na ƙiftawar ido ya bar sawu a fim, amma sawun ba ya ganuwa sai an tsoma fim ɗin a magani cikin duhu ƙirin. Abin da ke fitowa shi ne dodon hoto: farin rawani ya koma baƙi, baƙar fuska ta koma fara fat. Dodon nan shi ne uwa. Daga gare shi ake samun kati ɗaya ko kati ɗari.

Mai wanki yakan sa dodon a na'urar ƙara girma, mai fitila a sama da gilashi a ƙasa, ta haska hoton a kan wata takarda ta musamman wadda ita ma take da azurfa. A wannan matakin ne ake kunna jar fitila, domin takardar baƙi da fari ba ta jin jan haske. Bayan 'yan daƙiƙoƙi sai a ɗauke takardar, har yanzu fara sol, a bi da ita tire uku. Na farko maganin fito da hoto ne, inda takan yi minti ɗaya zuwa uku. Wanda ya taɓa tsayawa a kan tiren nan ya ga idanu sun fara tasowa daga farar takarda, sai hula, sai layukan riga, ba zai manta ba. Na biyu ruwa ne mai ɗan tsami da ke tsayar da aikin na farko. Na uku maganin kafe hoto ne, yana narkar da ragowar sinadarin da haske bai taɓa ba, don kada katin ya yi baƙi in an fito da shi rana. Daga nan sai ɗauraya, kuma takarda irin ta da tana bukatar ruwa mai gudu na rabin awa har zuwa awa guda.

A nan ne ƙasarmu ke wahalar da mai sana'a. An haɗa magungunan ne don su yi aiki a ma'aunin zafi 20, mu kuwa a watan Maris da Afrilu zafi kan kai 40, magani ya yi gaggawa fiye da kima. Ruwa kuma a rani sai an ɗebo daga rijiya ko an saya, wa zai bar shi yana kwarara awa guda a kan takarda? Idan ɗauraya ta gaza, ragowar magani yakan zauna a jikin kati yana cin azurfar sannu a hankali. Hoton da kuka ga ya yi ɗorawa-ɗorawa ko ya yi tabo kamar na goro, sau da yawa ba tsufa kaɗai ya jawo ba, ƙarancin ɗauraya ne tun ranar farko. Wanda kuwa ya samu wanki mai kyau da ajiya mai kyau yakan haura shekara 100 baƙinsa yana nan daram.

Yadda kwamfuta ke bugawa

A 1975 wani injiniya na kamfanin Kodak a Amurka, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko mai zaman kanta. Abin da ya fito daga gidan fim shi ya karya kasuwar fim, har a 2012 kamfanin ya shigar da takardar karayar arziki. Kyamarar dijital, ko ta waya, ko sikana, ba ruwanta da azurfa. Tana yayyanka hoto zuwa ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo ta ba shi lamba mai nuna haskensa da launinsa. Hoton Ghana Card ɗinku haka aka ɗauke shi.

Ga ɗan lissafi da zai hana a cuce ku. Bugu mai kyau yana bukatar ɗigo kusan 300 a kowane inci. Kati mai inci 4 da inci 6 zai ci ɗigo 1,200 sau 1,800, wato 2,160,000. In aka ninka shi ya koma inci 8 da 12, ɗigon da ake bukata 8,640,000 ne, ninki huɗu ba biyu ba. To, hoton da ya bi ta WhatsApp daga waya zuwa waya an matse shi a hanya, ɗigonsa sun ragu. In aka ja shi ya cika babban firam, sai fuska ta yi dishi-dishi kamar ana hango ta cikin hazon hunturu.

Firintocin kuma iri-iri ne. Akwai mai fesa tawada. Tawadar araha rini ce, ruwa ya ɗiga ta zuba, rana ta doke ta ta koɗe. Akwai tawada mai garin launi, ta fi tsada, ta fi ƙarko nesa ba kusa ba. Akwai ƙaramar firinta mai narka launi da zafi, wadda masu hoton fasfo da masu bin biki ke yawo da ita. Akwai kuma manyan injunan gidajen wanki na birane, waɗanda ke haska hoton dijital a kan takarda mai jin haske su bi da ita cikin magani. Wannan rabi sabo ne rabi tsoho, kuma shi ne har yanzu ya cancanci a ce masa wanki.

A jera su gefe da gefe

Gani ya kori ji. Malami ya zo da gilashin ƙara girma, ɗalibai su zauna uku-uku kusa da taga, kowane rukuni da tsohon kati da sabon bugunsa.

A fara da inuwa. Ku duba ƙarƙashin hula, da cikin naɗin rawani, da wuyan riga. A wankin hannu mai kyau, launi yana gangarowa daga fari zuwa toka zuwa baƙi ba tare da tsalle ba, kuma ko a cikin baƙin za ku iya ganin saƙar zare. A bugun araha wuraren nan sukan toshe su zama baƙi guda, farar riga kuma ta ƙone ta rasa aikin allurarta. Wannan ya fi shafar mu, domin fatarmu mai duhu ce, kamanninmu suna zaune ne a tsakanin toka mai duhu da baƙi, daidai inda bugun sakaci ke zubarwa.

Sai a sa gilashi. A tsohon kati ba za ku ga ɗigo a jere ba, sai dai wani laushi kamar garin gero. A bugun tawada za ku ga ɗigo ƙanana warwatse, wani lokaci masu launi-launi ko da hoton baƙi da fari ne, shi ya sa wasu bugun ke yin kore-kore ko shuɗi-shuɗi. A kalanda da jarida kuwa ɗigon a jere suke kamar ramukan rariya. Ku gwada da hoton nan da kowa ya sani, na daren samun 'yancin kai, 6 ga Maris 1957, inda Kwame Nkrumah da abokansa suka hau dandamali a Ankara, babban birninmu, sanye da batakarin arewa. An kwafe shi an sake kwafewa, har a wasu kalandu layukan batakarin sun narke sun zama faci guda.

Ku karkata tsohon katin ga haske. In kun ga wani ƙyalli mai shuɗi-shuɗi kamar madubi a wuraren baƙi, azurfar ce ta taso sama saboda shekaru da raɓa, kuma firinta ba ta iya kwaikwayon wannan. Sannan ku juya baya. Can ne ake samun hatimin gidan hoto, ko sunan kamfanin takarda irin su Agfa da Kodak, ko rubutun hannu da ajami ko boko, ko kwanan wata. Sabon bugu sau da yawa bayansa fari ne, ba ya ba da labarin komai.

Hannun mai wanki

Kada wani ya ɗauka cewa ɗakin duhu ba ya taɓa gaskiya. Mai wanki kan kare wani sashe da tafin hannunsa don ya yi haske, ya ƙara wa wani sashe daƙiƙoƙi don ya yi duhu. Masu gidajen hoto kan bi dodo da fensir mai tsini su share ƙuraje da tamoji. Ba'amurken nan Ansel Adams ya ɗauki wani shahararren hoto na fitowar wata a ƙauyen Hernandez a 1941, ya wanke shi da hannunsa fiye da sau 1,300 cikin shekaru masu yawa. A katunan farko sararin sama toka-toka ne, a na baya ya koma baƙi ƙirin, alhali dodon ɗaya ne.

Kusa da mu, Seydou Keïta ya buɗe gidan hotonsa a Bamako a 1948. Dodonsa manya ne, santimita 13 da 18, yakan ɗora su kai tsaye a kan takarda, don haka katin da wanda aka ɗauka ke tafiya da shi gida bai wuce girman dodon ba. Bayan 1990 aka kai dodannin Faransa aka wanke su manya-manya, wasu sun fi mita ɗaya, baƙinsu da farinsu sun fi kaifi. A 2016 da aka baje kolin aikinsa a Grand Palais na birnin Paris, an nuna ƙananan na asali tare da manyan na baya. Ƙananan an yi su ne don a riƙe a hannu a nuna wa dangi, manyan an yi su don bangon gidan kallo. Mutum ɗaya ne a ciki, amma kallon ya bambanta.

Nan gida muna da James Barnor, haifaffen Ankara a 1929, wanda ya yi wa jaridar Daily Graphic aiki tun farkonta, ya buɗe gidan hotonsa na Ever Young a unguwar Jamestown a 1953, ya tafi Ingila a 1959, ya dawo bayan shekara goma ya kafa wurin wankin hoton kala na farko a ƙasar nan. Da sikana aka bi dodanninsa fiye da 30,000, kuma daga cikinsu aka zaɓi hotunan da aka baje a gidan kallo na Serpentine a Landan a 2021. Ba don ya adana dodannin ba, da ba abin da za a bi. Ba don na'ura ba, da yawancinsu suna nan kulle a akwati.

Wannan shi ne babban alherin dijital a gare mu 'yan arewa. Da yawa daga tsofaffin hotunan ƙasarmu baƙi ne suka ɗauka suka tafi da su. Likitan mishan ɗin Basel, Rudolf Fisch, ya ratsa ƙasar Dagomba da kyamararsa a 1910, kafin mishan ɗin ya buɗe tasha a Yendi a 1913, kuma hotunansa suna Suwizalan. R. S. Rattray, wanda ya ji Hausa har ya wallafa littafin tatsuniyoyinta a 1913, ya fitar da littafi mai juzu'i biyu a 1932 a kan al'ummomin arewa, har da Kusasi, hotunansa kuma suna Ingila. Ɗan zangon Salaga ko na Yendi da ba shi da kuɗin jirgi, ta kwafin dijital kaɗai zai ga yadda ƙasar kakanninsa take a da.

Wannan ba babanku ba ne

Zan faɗi abin da ya faru a gidanmu, domin shi ya sa na nace a sa wannan darasi a littafin. Hoto ɗaya tak mahaifinmu ya bari, wanda aka ɗauke shi a Bawku yana saurayi, cikin batakari, da bille a kuncinsa na hagu. Bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, ƙanena ya kai hoton wani shago don a ƙara masa girma. Yaron shagon, da kyakkyawar niyya, ya bi shi da irin manhajar nan mai gyara fuska, ya zuba masa kala. Aka kawo firam babba mai sheƙi. Mma, mahaifiyarmu, ta karɓa, ta daɗe tana kallo, ta miƙo mana ta ce, "Wannan ba babanku ba ne."

Gaskiyarta. Billen ya tafi, fata ta yi sumul, hanci ya sirance, batakarin ya samu launin da bai taɓa sawa ba. Irin wannan manhaja ba ta san mutumin ba. Ta koyi fuska ne daga dubban fuskokin wasu, inda ta ga dishi sai ta cike da zato, inda ta ga tsaga sai ta ɗauka ƙarzuwa ce ta goge. Mu kuwa tsaga da bille su ke faɗin asalin mutum, Bahaushe ne ko Bamoshe ko Badagombe, daga wane gida, wani lokaci har da ciwon da aka yi masa magani yana jariri. Garin gyaran gira an tsone ido. Abin da ya fi ciwo, an manne katin asalin a cikin leda mai zafi wai don a kare shi, kuma ba a iya ɓare ledar ba tare da fuskar ta biyo ta ba.

Ban ce a guji shagon kwamfuta ba. Na'ura tana ɗinke yagewa, tana share tabon ruwa, tana dawo da hoton kala na shekarun 1970 da 1980 da ya rine ya yi ja, tana ba kowane ɗa da jika nasa kwafin, daga Kumasi har Lome har Kano. Amma tsohon kati shi ne shaida, domin daga hasken da ya sauka a fuskar mutumin ranar nan aka samo shi. Sabon bugu ɗan aike ne, amfaninsa ya isar da saƙo yadda aka ba shi.

Abin da za a faɗa a shago, da yadda za a adana

In kun je shago, kada ku ji nauyin yaron don ya fi ku sanin na'ura. Ku ce masa: "Ɗana, a sikana za ka sa shi, ba da waya ba, a ɗigo 600. Ka ɗauki gaba da baya. Ka ba ni fayil biyu, wanda ba a taɓa ba da wanda ka gyara. Ka gyara yagewa, amma kada ka taɓa fuska, kada ka zuba kala, kada ka manne shi a leda." Ku tsaya a wurin har ya gama, ku koma gida da katinku. Ɗan hoto mai inci 2 da 3 in aka ɗauke shi a ɗigo 600 zai ba da bugu mai kyau na inci 4 da 6. In akwai dodon, shi za a sa a sikana mai karɓar fim, domin ya fi katin riƙe bayani. Wajen turawa ta WhatsApp a tura shi a matsayin fayil don kada a matse shi. Kada kuma a bar shi a waya ɗaya, domin waya tana ɓata, memori yana mutuwa ba sallama.

Sabon bugun shi za a rataye a zaure, rana da hayaƙi da ƙura su ci, in ya koɗe a sake bugawa. Tsohon a riƙe shi ta gefe da hannu mai tsabta, a sa shi a ambulan na takarda, ba roba ba gam ba fil, a ajiye a adaka da aka ɗaga daga ƙasa saboda gara da danshin damina, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da rufin kwano. Hoton da ya manne da gilashin firam kada a ɓamɓare shi, a ɗauke shi ta cikin gilashin.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake kunna jar fitila wajen wanke kati? Mene ne aikin tire na uku?
2. Ɗigo nawa ake bukata don buga kati mai inci 5 da 7, a kan ɗigo 300 kowane inci?
3. Ku faɗi hanyoyi uku na bambance wankin hannu da bugun tawada.
4. Ku tattauna: ya dace a zuba kala a hoton mamacin da aka ɗauka baƙi da fari? Wa ya kamata a tuntuɓa tukuna?

Aikin gida

Cikin makon nan ku kai hoton da kuka zo da shi wurin wanda ya fi kowa shekaru a gidanku ko a unguwarku, ku gaishe shi, ku zauna, ku tambaye shi su wane ne a ciki, a wane gari aka ɗauka, a zamanin wane sarki ko wace shekara. Ku rubuta amsar da hannunku a bayan katin, da fensir mai taushi ba biro ba, kuna dannawa a hankali. In ba wuri a baya, ku rubuta a jikin ambulan. Kada ku jira sai bayan girbi. Ku zo da shi darasi na gaba, kowa zai tashi ya karanta wa aji sunayen da ya rubuta.